Ƙarƙashin Fijon Kambai

Ranar Alhamis da la'asar Zamani ya sauka daga Madakiya. Bai karɓi ruwan da aka kawo masa ba, bai kuma zauna ba. A tsaye ya faɗa wa matar ƙaninsa abin da ya kawo shi Kafanchan: dangi sun zauna, sun yanke cewa motar marigayi za ta koma gida. Jibi Asabar zai zo da babbar mota da igiya a ja ta.

Malama Scholastica tana zaune a baranda tana duba littattafan 'yan aji biyar. Ta ajiye jan biro. Mijinta Kambai malamin gona ne, ya rasu a watan Yuni na wannan shekara ta 1977, ya bar mata 'ya'ya mata biyu da wata farar Fijo a-kori-kura. Motar tana nan a gindin mangwaro, busasshen ganye ya cika bayanta.

"Wane dangi ne suka zauna, Yaya?" ta ce. "Ni ba wanda ya kira ni."

"Ba a kiran mace a irin wannan magana, matarmu. Kambai bai bar namiji ba. Kuma motan ya mutu, me za ki yi da shi?"

"Da ranta na ba ka ita."

Haka aka yi kuwa. Sati uku bayan jana'iza Zamani ya karɓi makulli, ya samo direba, don a mayar da bencinan da aka aro daga majami'ar ƙauye. Da yamma sai ga samari suna turo motar. Sandar giya tana lilo a jikin sitiyari, ko'ina ka tura ta sai ta tafi, amma motar ba ta shiga giya ko ɗaya. Zamani ya kawo wani makanike daga tasha, ya shiga ƙarƙashi ya yi ta bugu har awa guda, ya fito ya ce sai an sauke akwatin giyar an kai Jos. Tun ranar motar ba ta motsa ba.

"Ƙarfe goma zan zo," in ji Zamani. "Ki kwashe kayanki a ciki." Ya juya ya fita.

Scholastica ta koma kan littattafan, amma ta kasa. Ta soke wa wani yaro lissafin da ya yi daidai, sai da ta kai ƙasan shafi ta gane. Shekara goma sha ɗaya tana aure a gidan nan, ita ta yi jinyar Kambai, ita ta wanke shi, yau an zauna a kan kayansa ba a ko aiko mata ba. Ta iya tuƙi, Kambai da kansa ya koya mata a filin ƙwallon makaranta, lasisinta yana cikin akwati. Zamani ya san wannan sarai. Shi ya sa ta tabbata a ranta cewa ba lalacewa motar ta yi ba, lalata ta aka yi, don a samu bakin cewa ta mutu.

Washegari da aka tashi makaranta ta kai yaran gidan ƙanwarta, ta wuce bayan kasuwa wurin Baba Andrawus. Tsohon makanike ne na loko, wato garejin jirgin ƙasa, shekara talatin da ɗaya yana gyaran kawunan jirgin ƙasa kafin ya yi ritaya. Yanzu injin niƙa da keken ɗinki yake dubawa a ƙofar gidansa. Tsufa ya kama masa gwiwa, hannunsa kuma yana rawa, ko shayi sai ya riƙe kofi da hannu biyu. Ya saurare ta har ta gama, ya zuba 'yan kayan aiki a buhu, suka taho.

Suka ɗaga gaban motar da jak, suka tokare ta da gumagumai. Da ƙyar tsohon ya kwanta a kan tabarma ya ja jiki ya shiga. Ya daɗe a ciki da tocila. Da ya fito sai da ta kama shi ya zauna.

"Akwatin giya lafiyarsa ƙalau, Malama," ya ce. "Akwai wani ɗan hannun ƙarfe a gefensa, shi sandar giya take ja. Shi ne ya tsage. A cire shi a yi walda, shi ke nan. Amma fin ɗin da ya riƙe shi ya ƙi fita."

"Mene ne fin?"

Ya ɗauki ganyen mangwaro ya naɗe shi kamar tabarma ya nuna mata. "Ƙarfe ne naɗaɗɗe haka, bai kai ƙaramin yatsanki tsawo ba. Akwai rami a tsakiyarsa da tsaga a gefe. In aka buga shi cikin gurbinsa sai ya buɗe ya kama. In ka buge shi da abu mai tsini, ƙara buɗewa yake. Makaniken da aka kawo ya daddake masa kai har ya baje. Ban da wannan, wani ya cusa ƙusa a cikin ramin, ya lanƙwashe bakinta."

"Ƙusa?"

"Ƙusa irin ta kafinta."

Scholastica ta miƙe tsaye. "Na sani. Zamani ne."

"Ban ce ba."

"Ba sai ka ce ba, Baba."

Andrawus ya duba hannuwansa. "Ni dai ba zan iya bugu a kwance ba. Sai a nemo wani saurayi."

"Ba saurayin da zai sake taɓa motar nan," ta ce. Ta shiga ɗaki ta ciro tsohon wandon kakin mijinta, ta sa a ƙarƙashin zane, ta ɗaure kanta tam, ta kwanta a tabarmar.

Wurin ya fi yadda ta zata matsi. Ƙarfe yana kusa da hancinta, ƙasa da busasshen laka suna zubo mata a ido duk lokacin da ta motsa. Baba yana zaune a kujera 'yar tsugunne yana faɗa mata inda za ta sa hannu. Ta lalubo fin ɗin, ta ji kan nan da ya baje da ƙusar da aka lanƙwasa. Ya miƙo mata magagari. Har rana ta yi ja tana goga, hannu a sama, kafaɗa kamar za ta cire. Ta guntule lanƙwasar ƙusar da filaya. Kafin su tashi ta jiƙa tsumma da kananzir da man birki ta naɗe wurin, don ya kwana yana sha.

Ƙarfe bakwai na safiyar Asabar Andrawus ya dawo da wani ɗan ƙarfen bugu da ya yi da tsohon bawul ɗin inji, bakinsa a shafe, kaurinsa daidai da na fin. Ta ɗora shi, ta ɗauki guduma ta fara.

Ba wurin da za ta ja hannu sosai. Kowane bugu sai gudumar ta dawo mata, ƙarar ta cika mata kunne, fin kuwa ko gezau. Ta buga ashirin, ta huta, ta buga talatin. Tana bugu tana jin muryar Zamani a kanta yana cewa bai bar namiji ba. Gab da ƙarfe goma gudumar ta goce ta sauka a babban yatsanta. Ba ta yi ƙara ba. Ta cusa yatsan a baki, ta ji ɗanɗanon jini da baƙin mai, ta tofar, ta ci gaba.

"Ki fito ki sha ruwa," in ji Baba.

"Sai ya fita."

"Da fushi kike bugu, shi ya sa kike gocewa."

"Da me kake so in buga?"

Ba ta ji amsarsa ba, domin a lokacin babbar motar ta tsaya a ƙofar gida. Daga inda take kwance ta ga takalman roba na Zamani da igiya tana jan ƙasa a bayansa. Maƙwabta biyu uku sun leƙo ta kan shinge.

"Wa ke ƙarƙashin motan?" ya tambaya.

Ta jawo jiki ta fito. Fuskarta duk baƙin mai, jini yana ɗiga daga yatsanta a kan zane, gudumar tana hannunta. Ba ta gaishe shi ba, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidansu.

"Matarmu, wane irin abin kunya ne wannan? Matan Kambai da wando a ƙarƙashin mota, mutane suna kallo?"

"Su kalla. Su ji kuma. Kai ka sa aka cusa ƙusa a motar nan. Ƙaninka bai yi wata guda a kabari ba ka karɓi makulli, ka lalata ta da hannunka, don ka zo yau da igiya ka ce ta mutu. Ka ci abinci a gidan nan ba iyaka. Yaran da ka ce ba a lissafa su, a cinyarka aka yi musu baftisma."

Zamani ya saki igiyar. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, manomi, ba ya da yawan magana a gari saboda Hausar ba ta zauna masa a baki sosai ba.

"Ni? Ni zan sa ƙusa a motan ɗan'uwana? A gaban mutane kike kirana ɓarawo?"

"Na faɗa."

"Ubangiji yana gani."

"Yana gani tun ranar Alhamis."

Direban babbar motar ya koma ya zauna a mazauninsa. Andrawus ya bari sai da suka yi shiru don numfashi ya ƙare musu, sannan ya yi magana ba tare da ya ɗaga murya ba.

"Ƙusar tana ciki, ba inda ta je. In fin ya fita kowa zai gan ta. Abin da ya hana shi fita, duk bugun da Malama take yi, sandar da hannun yake kai tana ja da baya tana shanye shi. Sai an samu mai ƙarfi ya tokare ta ta ɗaya gefen da wannan." Ya nuna wani guntun ƙarfen layin dogo da ya zo da shi a buhu. "Ni hannuna ba zai riƙe ba."

Zamani ya dubi ƙarfen, ya dubi matar ƙaninsa. Ya tuɓe rigarsa ya jefa a kan bonet.

"Kawo. Ya fita a ga ƙusan wa ne."

A al'adarsu wan miji ba ya zama a benci ɗaya da matar ƙaninsa. Ga su yau a kwance a ƙasa, shi ta hagu ita ta dama, kawunansu ba su fi taki ɗaya tsakani ba. Ba wanda ya dubi wani. Ya ɗaga ƙarfen da hannu biyu ya danna shi a bayan sandar, jijiyoyin wuyansa suka tashi.

"Buga."

Ta buga. Ƙarar ta canja, ta zama gajeriya mai nauyi.

"Wannan bugu ne? Buga da kyau."

"Riƙe naka ka bar ni da nawa."

Ta sake bugawa, sau biyar, sau goma. Tsatsa tana zubo musu a fuska. Zamani yana huci amma bai sauke ƙarfen ba. A bugu na goma sha wani abu ta ji ƙarfen bugun ya nutse kaɗan, kamar faɗin ƙwayar gero.

"Ya motsa," ta ce, ba da shi take ba.

"To kar ki tsaya," in ji Baba daga waje. "Ɗiga mai, ki ci gaba a hankali."

Ta ɗiga man birki, ta ci gaba. Fin ɗin yana tafiya kaɗan-kaɗan, yana tsayawa, yana tafiya. Zamani ya gyara ƙarfensa ya ba shi hanya. Bugu uku na ƙarshe ba su yi wuya ba. Abin ya faɗo a kan ƙirjin Zamani ya gangara tabarma.

Suka fito. Andrawus ya karɓi fin ɗin, ya sa tabarau, ya juya shi a rana. Ya kama shi da filaya ya buɗe tsagar, ya yi ƙoƙarin zaro ƙusar, ta ƙi. Ƙusa da fin sun zama abu ɗaya, tsatsa ta haɗe su ja wur.

"Malama, zo ki gani. Wannan tsatsar ba ta wata huɗu ba ce. Damina biyu ta yi a nan, ko uku. Fin ɗin ya saki tun tuni, wani ya cusa ƙusa don ya ƙara kamawa. Ya kama kuwa, amma hannun ya ci gaba da cin kansa har ya tsage."

Scholastica ta karɓi fin ɗin ta juya shi a tafin hannunta.

"Ɗauko mini akwatin kayan aikin maigidanki, in ga ko za mu samu abin da za mu sa a madadinsa."

Akwatin yana bayan kujerar mota, ba ta buɗe shi ba tun rasuwar. A ƙarƙashin sifanu akwai wani ƙunshi na tsohuwar jarida. Ta warware. Sabon hannun ƙarfe ne fil, da maiƙonsa, da sabon fin an ɗaure su tare da zare. Kwanan watan da ke jikin jaridar na Maris ne, 1975. A gefen takardar, da rubutun Kambai mai kwanciya, an sa: a canja ran Asabar.

Ta tsaya da abin a hannu. Sai ta ɗaga akwatin gaba ɗaya ta maka shi da ƙasa, sifanu suka watse har gindin shinge.

"Ran Asabar," ta ce. "Shekara biyu da rabi. Ya saya, ya ajiye, ya sa ƙusa. Haka ya yi da ƙafarsa. Tun bara take kumbura, na ce mu je asibiti, ya ce bari a gama rabon taki. Aka gama, ya ce bari a gama girbi. Ya je kemis ya sayo ƙwayoyi yana haɗiya a ɓoye, ni ina ganin kwalaben a aljihunsa in na zo wanki. Na yi kuka, na kira Fada daga majami'a ya yi masa magana, ya yi dariya ya ce ran Asabar. Ya tafi ya bar ni ina faɗa da mutane a kan ƙarfe."

Ta zauna a kan gungume ta kife fuska a gwiwa. Maƙwabtan suka janye daga shingen ɗaya bayan ɗaya.

Zamani yana tsaye ba riga, tsatsa a gashin ƙirjinsa. "Sau uku na zo a kan ƙafan nan," ya ce. "Na uku ya ce in koma gona, ni ban yi makaranta ba, me na sani. Ni na goya shi yana ƙarami." Ya tofar da yawu gefe. "Wawa. Da iliminsa duka."

Andrawus ya tsince sifanun da ke kusa da ƙafarsa.

Scholastica ta share fuska da gefen zane ta ɗago. "Maganar ƙusa na yi maka ƙarya, Yaya. A gaban mutane na faɗa, a gabansu zan janye. Amma maganar mota tana nan. Ba za a ja ta ba."

"Kin san abin da motan nan yake yi a gida? Duk wanda ciwo ya kama, Kambai ake aika wa. Watan jiya matan Luke ta yi naƙuda kwana biyu, a kan gado muka ɗauko ta har bakin titi. Ɗan bai zo da rai ba."

"Ban ji ba."

"Ina za ki ji? Kin zo gida tun da aka binne shi?"

Maganar ta soke ta, domin gaskiya ce. Amma ba ta sauko ba. "Da ka zo ka ce mini haka, da na ce a'a? Ba ka roƙa ba. Igiya ka kawo, ka ce 'ya'yana ba mutane ba ne."

"Ban ce ba mutane ba ne."

"Abin da suka ji ke nan."

Ta ɗauki sabon hannun ta koma ƙarƙashi. Wannan karon ba ta kira shi ba, shi ma bai jira ba, ya ɗauki guntun ƙarfen ya bi ta. Tsohon hannun ya fita da ɗan bugu. Ta goge sandar da tsumma, ta zura sabon, ta daidaita ramukan da siririyar waya kamar yadda Baba ya ce. Sabon fin ya shiga da bugu shida.

Aka sauke motar daga kan gumagumai. Batir ya mutu saboda zama, sai da Zamani da direbansa suka tura motar zuwa gangaren titi. Scholastica ta taka kuloci, ta ja sandar giya, ta ji ta shiga da ɗan ƙaramin sauti. Ta saki ƙafa. Motar ta yi tari sau biyu, ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe bayanta. Ta zagayo ta tsaya a gaban Zamani, injin yana aiki.

"Sallami mai babbar mota. Shiga mu je gida, ina so in ga dangin da suka zauna."

Ta sauke Baba Andrawus a ƙofar gidansa, ta kama hanyar Madakiya ko wanka ba ta yi ba. Har suka isa ba wanda ya yi magana, sai sau ɗaya da ya ce ta yi hankali da gadar katako, ta ce ta gani.

Dattawa huɗu ta tarar a gindin ɗorawa. Ta durƙusa ta gaishe su yadda ya kamata, sannan ta miƙe ta faɗi abin da ke ranta da yarensu, ba ta rage komai ba. Ta ce motar tana hannunta ita da 'ya'yan Kambai. Ta ce za ta riƙa zuwa kowace Asabar ta biyu, kuma duk wanda ciwo ya kama a aiko mata ko tana cikin aji. Ɗaya daga cikinsu ya ce ba a taɓa yin haka ba. Ta ce to a samo wanda zai karɓi makullin daga hannunta. Suka yi ta magana har rana ta karkata, ba su ce sun yarda ba, ba kuma wanda ya tashi ya karɓa.

Zamani bai yafe mata kiran da ta yi masa a gaban mutane ba, ko da yake ta bi maƙwabtan gida-gida ta janye. Har Kirsimeti in ta zo ƙauye sai ya ɗauki fartanya ya nufi gona. Ita ma ba ta bi shi ba.

Amma a ranar Asabar ɗin nan, tana shirin juyawa, sai ga uwar mijinta, tsohuwa Larai, ta fito daga ɗaki da ƙunshin kaya a ka da sanda a hannu. Tun rasuwar ɗanta ba ta fita ƙofar gida ba. Ba ta tambayi kowa ba, ta buɗe ƙofar gaba ta hau da ƙyar, ta ɗora ƙunshin a cinya.

"Mama, ina za ki?" in ji Scholastica.

"Wurin jikokina. Wata huɗu ba ki kawo mini su ba." Ta dubi yatsan da ya kumbura a kan sitiyari. "In mun isa ki dafa ruwa da gishiri in gasa miki wannan, kafin farcen ya fita."